Zazzaɓin da ke biyo bayan korona a jikin yara

A watan Afrilun 2020 likitocin yara a Landan suka fara ganin abin da ya ɗaure musu kai. Ana kawo yara da zazzaɓi mai naci, ciwon ciki, amai, ido ja wur, leɓe a tsattsage, wasu har zuciya ta raunana jini ya yi ƙasa. Da yawansu gwajin hanci bai nuna korona ba, amma jininsu ya nuna sun yi ta makonni 2 zuwa 6 da suka wuce, sau da yawa ko tari ba su yi ba.

Wannan ciwo, MIS-C, daga garkuwar jiki yake tasowa. Ƙwayar cutar ta lafa, amma sojojin jini ba su ajiye makami ba. Wani rukunin ƙwayoyin garkuwa da ake kira T ya yawaita, sinadaran kumburi irin su IL-6 suka cika jini suna illata jijiyoyi, hanji da tsokar zuciya. Shi ya sa magani yake nufin kwantar da garkuwar, da siteroid da ƙarin sinadarin garkuwa ta jijiya. Yawancin yaran suna warkewa.

Abin da ke damuna shi ne wurarenmu, inda ake saurin ɗaukar kowane zazzaɓin yaro a matsayin maleriya, a yi ta ba shi magani a gida kwanaki, zuciya kuwa tana wahala.