Azurfa da Mutanen Ruwa a Garwa

Turawan Ingila suna da al'adar karrama matuƙin jirgin ruwa da azurfa. Asusun Lloyd's da aka kafa a Landan a 1803 ya riƙa ba hafsoshin ruwa tuluna na azurfa da takuba, a zana sunan mutum da abin bajintar da ya yi. Har gobe wasu daga zuriyarsu na goge su.

A da, Garwa ma gari ne na jirage. Idan kogin Binuwai ya cika, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, jirage masu hayaƙi sukan taso tun daga Burutu da gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa. Wata biyu zuwa uku ke nan, wanda ya yi sanya kuwa yashi ya riƙe masa jirgi sai baɗi. Masu karanta ruwan, su san inda tudun yashi ya koma bana, 'yan ƙasa ne. Ina jin ciwon cewa sunayensu sun bi ruwa, alhali da idonsu aka yi cinikin.

A wajen Hausawan Garwa da Ngaundare da Maiganga, kyautar azurfa takan bi hanyar uban ɗaki da yaronsa. Yaro ya kai kaya lafiya ya dawo, maigida ya aika masa da riga da zobe, shi kuma ya ba ɗan aike tukuici. Zoben na azurfa ne, don addini ya hana namiji zinariya. Tushen azurfar kuwa sau da yawa riyal ce mai hoton Mariya Tariza, wadda kowace da aka buga tun daga 1780 ke ɗauke da wannan shekarar. Maƙerin fari zai sa ta a ɗan kasko bisa gawayi, yaro na zuga, ta narke ta yi ƙyalli, ya zuba, ya buge, ya ja ta da awartaki har ta zama zobe ko munduwa.

Ba kasafai ake rubuta suna a jiki ba. Maroƙi ne ke riƙe labarin, ya faɗe shi ranar biki. Idan talauci ya matsa a sayar, idan 'ya ta isa aure a mayar wa maƙeri ya narkar, zoben uba ya koma awarwaron amarya.

Tituna da manyan motoci sun kwashe cinikin kogin, aka kuma kammala madatsar Lagdo a kan kogin a 1982. Yau kwalekwalen masunta da masu ɗibar yashi ne suka fi yawa a gaɓar Garwa.