Yadda Za Mu Kula da Bindigar Injin Walda Mai Turo Waya

 A ziyarar da muke kai wa ƙungiyoyin matasa masu koyon sana'a, kukan da muka fi ji game da injin walda mai turo waya shi ne, "Waya tana maƙalewa." Sai a ture injin gefe. Garmar da ta karye ta yi ta jira a tsakiyar damina, hannun famfon burtsatse ya rasa mai gyara, mata su koma ɗiban ruwa a rafi. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa ƙalau, datti ne ya tare hanyar da waya take bi.

Wannan inji ba ya aiki da sandar walda. Yana aiki da siririyar waya, yawanci mai kaurin milimita 0.8 ko 1.0, wadda take naɗe a cikinsa. Ƙananan tayoyin ƙarfe ne suke tura ta cikin wani siririn bututu da ke cikin kebur, har ta fito ta ramin wani ɗan tsinin jan ƙarfe a bakin abin da ake riƙewa a hannu, wato bindigar. Tsinin nan ne yake ba wayar wutar lantarki. Kewaye da shi akwai murfi, ta nan gas yake fita don ya kare narkakken ƙarfe daga iska.

Kafin mu taɓa komai, mu kashe injin, mu zare shi daga wuta, mu rufe tukunyar gas, mu bari bakin bindiga ya huce. Sa'an nan mu bi waɗannan matakai:

1. Kowace rana mu cire murfin, mu kankare tartsatsin ƙarfen da ya daskare a ciki. In ya taru yana tare gas, sai walda ta fito da ƙananan ramuka, ba ta da ƙarfi.

2. Mu duba tsinin. Lambar da ke jikinsa ta zo daidai da kaurin wayar. In ramin ya buɗe ko waya ta narke a ciki, a canja shi, a ɗaure sosai. Mu ajiye biyu ko uku, gama shi ne ya fi saurin lalacewa.

3. Duk sa'ad da muka sa sabuwar waya, mu hura bututun da iskar injin faci. Ƙurar hunturu tana shiga ta toshe shi. In ya lanƙwashe, sai dai sabo.

4. In waya ta tsaya, kada mu yi saurin ƙara matse tayoyin. Matsi mai yawa yana lotsa wayar, yana kankare ta, garin kuma ya ƙara toshe bututun. Mu fara da duba tsini da bututu.

5. Waya mai tsatsa ba ta tafiya sumul. Da damina mu cire ta bayan aiki, mu ƙulle cikin leda a busasshen wuri.

6. Kada mu ja injin da kebur, kada mu naɗe shi a matse, kada amalanke ya taka shi.

Ba a walda sai da garkuwar fuska mai baƙin gilashi, da safar hannu ta fata. A hana yara kallon hasken, gama yana ƙona ido. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye, ɗaure da sarƙa.

Muna roƙon dattawan ikilisiya su naɗa mutum ɗaya mai lura da injin, da littafin rubuta abin da aka canja. A riƙa ware wani abu daga kuɗin kowane aiki domin sayen tsini da bututu. Kayan nan amana ne a hannunmu duka, ƙannenmu ma za su koyi sana'a da su. Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanku. Amin.