Hanyar Aiki ga Samarinmu Masu Ilmin Zaman Jama'a

Hakimai da malamansu na ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi sukan ga samari sun komo daga jami'a, kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sun karanto ilmin zaman jama'a ko na sanin laifuffuka, sa'an nan su zauna gida ba aiki. To, ga hanya.

Akwai aikin ɗan sanda, akwai na Hukumar NDLEA mai hana fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989. Amma babban abin lura shi ne dokar 2019 wadda ta mai da gidajen yari gidajen gyaran hali. Dokar nan ta yarda alƙali ya bar mai ƙaramin laifi a garinsu, ya yi wa jama'a aiki maimakon ɗauri, wani ma'aikaci na lura da shi. Watau ana bukatar wanda ya san abin da ke sa yaro ya kangare, ya kuma san mutanen ƙasar.

Saboda haka hakimi ya nuna wa samarinsa wannan ƙofa. In sun zo neman takardar shaidar asali, wadda ake tambaya wajen ɗaukar ma'aikata, kada malami ya yi musu jinkiri har lokaci ya wuce.