Waifai a Gida: Gano Matsala da Toshe Ƙofar Masu Shan Data

A hutun da ya wuce na koma gidanmu a Adogi, kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, da niyyar ƙarasa wani aikin bincike da aka ba mu. Yayana ya sayi 'yar na'urar nan mai raba intanet da ake sa wa sim, wadda ake kira rauta, ya zuba mata datar wata guda. Kwana tara kacal data ta ƙare. Muka yi ta zargin kamfani, ashe ɓarakar daga gida take. Abin da na koya a wannan asara shi nake son in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai.

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya san cewa rauta tana hulɗa ne da ɓangare biyu. Tana karɓo sabis daga ƙarfen kamfanin waya, sannan ta raba shi ga wayoyi da kwamfutocin gida ta igiyar rediyo. Wannan rabawar ita ce waifai. Wasu kan fassara shi da "sadarwa mara waya", amma ni da na koyi Hausa da girmana fassarar ta taɓa rikita ni, domin a yau in an ce waya, ta hannu ake fara tunawa. Saboda haka na zaɓi kalmar aron.

Sanin wannan rabe-raben shi ne rabin gyara. Alamar waifai za ta iya cika a wayarka alhali ba intanet, domin alamar tana nuna kusancinka da rauta ne kawai. In haka ta faru, duba ko da sauran data, sannan ka duba fitilar sabis a jikin rautar. In kuwa alamar ce ta raunana, matsalar tana cikin gida. Bangon siminti da kwano da ƙofar ƙarfe duk suna tare igiyar. Mu a bayan talabijin muka ɓoye tamu, da muka mayar da ita saman taga sai ɗakin baya ya samu. Haka kuma rautoci da yawa suna da zango biyu: 2.4 GHz, mai nisa da ratsa bango, da 5 GHz, mai sauri amma gajeren zango. Zafin watan Maris da Afrilu ma yakan sa na'urar ta riƙa tsinkewa, don haka kada a lulluɓe ta. Kashe ta na ɗan lokaci a sake kunnawa yakan warware ƙananan matsaloli.

To, mu koma ga ɓarakar. Kowace rauta tana da shafin sarrafawa da ake shiga ta burauza, ta hanyar rubuta lambar da ke jikinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Da na shiga namu, na tarar da na'urori goma sha ɗaya a haɗe, alhali wayoyin gidan huɗu ne. Ƙanena ya ba abokinsa kalmar sirri, aboki ya ba aboki. Ba sai an furta ta ba ma, domin tun daga Android 10, wadda ta fito a 2019, waya tana iya nuna hoton QR wanda wata za ta ɗauka ta shiga.

Kalmomin sirri biyu ne, kuma da yawanmu ɗaya muka sani. Akwai ta waifai, akwai ta shafin sarrafawa, wadda sau da yawa takan zo a matsayin "admin". Duk wanda ya shiga waifanka, in ba ka sauya ta biyun ba, zai iya sauya ta farkon ya kore ka daga kayanka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta waifai ba ta gaza harafi 8, amma a ganina hakan ya yi kaɗan. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, ko da cikin harshenku na gida ne, ka ƙara lamba. Lambar waya da shekarar haihuwa maƙwabta sun riga sun san su.

Bayan haka sai nau'in kulle. Tsohon tsari mai suna WEP masana sun fallasa rauninsa tun 2001. WPA2 ya zo a 2004, WPA3 kuma a 2018, ɗaya daga cikin biyun nan za ka zaɓa. A 2017 wani mai bincike a Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya gano rauni a WPA2 ɗin ma, aka toshe shi ta sabunta manhaja, shi ya sa bai kamata a yi watsi da saƙon sabuntawa ba. Akwai kuma WPS, wanda aka yi don sauƙaƙe haɗawa da lambobi 8. A 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa rauta tana tantance lambobin ne kashi biyu, ta yadda gwaji 11,000 ya isa a gano su. Kashe shi kawai.

Wani zai ce ai data ce kurum, a bar maƙwabci ya sha. Ban ƙi taimako ba, amma tun Disamban 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar NIN a Nijeriya. Sim ɗin da ke cikin rautarmu sunan yayana yake ɗauke da shi. In wani ya yi damfara ta cikinsa, ƙofar yayana za a fara ƙwanƙwasawa. In dole ne a ba baƙo, a buɗe masa sashen baƙi, in rautar tana da shi, a rufe bayan ya tafi.

Wanda ya manta kalmar shafin sarrafawa, akwai ɗan rami a jikin rauta da ake danna maɓallin cikinsa da tsinke na kamar daƙiƙa goma. Sai dai hakan yana mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, har da "admin" ɗin, don haka sai an sake saita kalmomin biyu kafin a bar kowa ya shiga.