Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Kan Neman Abokan Sana'a a Fagen Tsaron Intanet

Matasa da yawa a Anka da Gummi da Bukkuyum sun fara sha'awar tsaron intanet, wato sana'ar kare kwamfutoci da wayoyi da asusun ajiya daga 'yan kutse da 'yan damfara. Galibinsu suna zaton da zarar an samu kwamfuta da satifiket, aiki ya samu. Ana buƙatar su duka biyun, amma akwai na uku da ya fi su wuyar samu: mutanen da suka san aikinka, kuma za su iya tsaya maka.

Me ya sa sai da mutane?

Wanda banki ko kamfani ya ɗauka don tsaron na'urorinsa yana ganin abin da sauran ma'aikata ba sa gani: bayanan abokan ciniki, kalmomin sirri, da wuraren da tsarin yake da rauni. Ɗan kasuwa ba ya miƙa wa baƙo makullin shagonsa don kawai ya zo da takarda, sai an samu wanda zai ce, "Na san yaron nan, yana da amana." Haka abin yake a wannan fage. Shi ya sa guraben aiki da yawa sukan fara yawo a tsakanin 'yan sana'a kafin a tallata su.

Sannan dabarun 'yan kutse suna sauyawa da sauri. Labarin sabuwar hanyar damfara yakan iso ta bakin abokin aiki tun kafin ya shiga littafi.

Nisa da matsalar sabis

Manyan tarukan wannan fanni a Abuja da Legas ake yin su, tafiya kuwa daga Anka zuwa Gusau kaɗai sai an yi lissafin tsaron hanya. Mutanen Zamfara ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta sa aka katse layukan waya a jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle saboda 'yan bindiga. Gusau aka fara mayar wa sabis, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira, har wasu mutane suna tsallakawa jihohin maƙwabta don buga waya.

Darasin a bayyane yake. Kada duk hulɗarka ta tsaya a zauren WhatsApp guda. Rubuta lambobin mutanenka a takarda, sauke darussa a kwamfuta lokacin da sabis yake da ƙarfi, kuma ka samu mutum biyu ko uku a garinku da za ku riƙa haɗuwa ido da ido.

Fara daga gida

A ganina nan ne matashin yankinmu ya fi ɗan Legas dama, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki ya koma waya. Mai shago da mai sayar da hatsi da dillalin dabbobi duk suna karɓar kuɗi ta tiransifa, masu POS kuma sun zama bankin ƙauye. Tare da haka damfara ta ƙaru: a kira mutum a ce daga banki ne, a nemi lambar BVN ɗinsa ko lambar sirrin da aka turo masa, a nuna wa mai shago alat na bogi, a sace waya a kwashe asusu ta layin da ke ciki, a ƙwace WhatsApp ɗin malami a roƙi almajiransa kuɗi da sunansa.

Duk wanda zai zauna da masu POS na kasuwar Gummi ya koya musu, da Hausa, yadda ake tabbatar da shigar kuɗi daga cikin manhajar banki ba daga saƙon tes ba, ko ya saka wa limamin unguwa makulli na biyu a WhatsApp, ya riga ya fara sana'ar. Waɗannan su ne mutanen farko da za su ambaci sunansa. Idan kuma ya rubuta abin da ya gani, ba tare da sunan kowa ba, ya wallafa a LinkedIn ko Facebook, ya samu abin da ƙwararren Abuja ba shi da shi: sanin yadda ake cutar mutanen karkara da harshensu.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa

Mafi kusa su ne sassan kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, da ta Abdu Gusau a Talata Mafara. Ko ba ka karatu a can, malamai da ɗalibansu abokan tafiya ne. A Kano akwai cibiyar CITAD da ta daɗe tana horar da matasan Arewa. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 yana da ɓangaren tsaron intanet, kuma hukumar NITDA, wadda Kashifu Inuwa Abdullahi ya fara jagoranta a 2019, takan sanar da horo a shafukanta.

A matakin ƙasa akwai ƙungiyar ƙwararru ta CSEAN mai shirya taron shekara-shekara, da rassan ISACA a Abuja da Legas. Ƙungiyar ISC2 ta fito da satifiket ɗin CC na masu farawa a 2022. 'Yan mata su nemi shirin CyberGirls na gidauniyar CyberSafe da Confidence Staveley ta kafa. Shafuka irin su TryHackMe da picoCTF kuwa suna ba da filin gwaji na halal, kuma gasanninsu na ƙungiya hanya ce mai kyau ta samun abokai daga wasu ƙasashe.

Yadda ake tunkarar na gaba

Saƙon "Yallaɓai, a taimaka mini da aiki" ba kasafai yake samun amsa ba. Yi gaisuwa, faɗi daga inda kake, nuna abu guda da ka yi, sannan ka yi tambaya ɗaya tak. Idan aka ba ka shawara, yi aiki da ita ka dawo da sakamako. Wanda ya ga an ɗauki maganarsa da muhimmanci shi ne zai tuna da kai ranar da gurbi ya fito.

Iyakar da doka ta shata

Ba kowane zaure ne na alheri ba. Akwai masu jan yara da sunan koyar da kutse, alhali damfara suke koyarwa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga na'urar wani ba da izininsa ba, kuma cewa gwaji kake yi ba zai wanke ka a gaban EFCC ba. Duk zauren da ka ga ana cinikin bayanan katin banki, ko ana neman aron asusunka don a karɓi kuɗi, fice a ranar. Kada ka taɓa na'urar kowa sai da izini a rubuce, ko da ta ɗan'uwanka ce.