Gaba da Gabanta a Gindin Shuka

Tun da aka yi sulhu a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, manoma suka fara komawa gonakin da suka shekara da shekaru ba su taka ba. Mai sassabe a gefen dajin Kamuku, in ya birkice ruɓaɓɓen kututture, zai iya ganin wata koriyar fumfuna shimfiɗe kamar an barbaɗa kuka. Sau da yawa ita ce masana ke kira Tirikodama, kuma abincinta har da 'yan'uwanta.

Kowane manomi ya san ɓarnar fumfunar ƙasa ko da bai san sunanta ba. Wake ya tsiro da kyau, kwana kaɗan sai gindin ya jiƙe, ya tsuke, tsiron ya kwanta. Tumatir da gyaɗa kuma a ga farin zare ya lulluɓe gindinsu. Masu haddasa waɗannan cututtuka su ne maɓarnatan, su kuma Tirikodama take farauta.

Yadda take yi abin mamaki ne. Jikin fumfuna zare ne siriri da ido ba ya rarrabewa. Tirikodama takan ji alamar abin da ke fita daga jikin abokiyar gaba, sai ta miƙa zarenta can, ta nannaɗe ta kamar yadda mesa ke yi wa akuya. Daga nan ta tsarto sinadarin da ke narkar da fatar zaren, ta huda, ta shige, ta tsotse abin ciki, ta bar fanko. Richard Weindling ne ya bayyana wannan a Kalifoniya a 1932, yana binciken cutar da ke kashe tsiron lemo. Yau ana noma ta a masana'anta, ana sayar da garinta don cuɗa iri.

Ba waliyiya ba ce, masu noman naman kaza sun san ta da ɓarna. Kuma ba ta son ƙasar da ta bushe ƙayau babu ruɓaɓɓen ganye. A nan nake ganin muna cutar kanmu: gonar da ta huta ta tara abincin wannan mai gadi, mu kuma sai mu tara karmami da kara mu cinna wuta, mu bi da maganin feshi wanda wani lokaci ba ya tantance ɓarawo da ɗan gida. Takin shanu da ya ruɓe sosai yana yi mata amfani, ga shi kuwa kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari ta sake ci bayan sulhun.