Gatarin Mai Faskare da Sandar Golf

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai faskare ya san ba ƙarfin damtse ke tsaga gungume ba. Za ka ga dattijo siriri ya ware ƙafafu, ya ɗaga gatari ba gaggawa, ya sake shi ya faɗo da nauyinsa, icce ya rabe biyu. Saurayi majiyin ƙarfi kuwa sai ya karɓa, ya cije leɓe, ya maka, gatarin ya goce. Shi dattijon ba saman iccen yake hari ba. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa yake nufa, iccen kan hanya kawai ya tare masa.

Abin da ke wahalar da masu koyon golf a kan sandunan ƙarfe ke nan. Ƙwallo tana kwance a ciyawa, mutum yana so ta tashi sama, sai zuciyarsa ta raya masa ya ɗago ta daga ƙasa. Ya jingina baya, nauyinsa ya koma ƙafar baya, wuyan hannu ya saki tun lokaci bai yi ba. Ɗayan biyu za a yi: ko sandar ta tunkuyi ƙasa kafin ta kai ga ƙwallo, ƙwallon ta yi 'yan taku ta tsaya, ko kuma ta same ta tana kan tasowa, bakin ƙarfen ya daki cikinta, ta tafi tana jan ƙasa, tafin hannu yana zugi. Mutane suna ɗaukar su cuta biyu, alhali ɗaya ce: gangarowar sandar ta ƙare a bayan ƙwallo.

Ɗaga ƙwallo ba aikinka ba ne, maƙerin sandar ya riga ya gama shi. Fuskar sanda mai lamba 7 a kishingiɗe take da digiri 30 zuwa 34, gwargwadon ƙira. Awon na'urar TrackMan ya nuna ƙwararrun gasar PGA ta Amurka suna samun ƙwallo da wannan sanda tana kan gangarowa da kusan digiri 4. Ɗan wasan golf Bobby Clampett, a littafinsa na 2007, ya kiyasta cewa sandar ƙwararre tana kaiwa ƙarshen gangarowarta kamar inci 4 gaba da ƙwallo. Shi ya sa ciyawar da suke fizgewa a gaba take fita. Ƙwallo tukuna, sannan ƙasa.

Gyaran daga tsayuwa yake farawa. Ajiye ƙwallo a tsakiyar ƙafafunka ko ta ɗan gota gaba kaɗan, hannaye su ɗan riga kan sandar. Riƙon kada ya yi tsauri. Mai faskaren da ya damƙe ƙota kamar zai murƙushe ta, shi ke fara gajiya, shi ke kuskuren wuri. In ka kai sandar baya, juya ƙirji, kada ka zame gefe. Wajen saukowa kuwa, a nan maganar take. Ben Hogan, wanda ya lashe gasar US Open a Merion a 1950, wata 16 bayan hatsarin motar da ya kusa hallaka shi, ya dage a littafinsa na 1957 cewa ƙugu ke fara saukowa, hannaye su biyo baya. Haka mai gatari yake yi, daga ƙugu saransa ke tasowa. Lokacin da ƙarfe ya haɗu da ƙwallo, mafi yawan nauyinka ya riga ya sauka kan ƙafar gaba.

Ni a ganina babu atisayen da ya kai na layi, kuma ko sisi ba ya ci. Ja layi a ƙasa, ka tsaya yana tsakiyar ƙafafunka, ka yi ta bugu ba ƙwallo, kana duba inda sandar ta ci ƙasa. Sai ka ga tabon yana fita gaba da layi a kai a kai, sannan ka ɗora ƙwallo a kansa. Ga masu wasa a filayen Kano da Kaduna da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, wannan ya zama dole, don busasshiyar ƙasa ba ta yafe kuskure: sanda na taɓa ta a baya za ta yi tsalle ta daki cikin ƙwallo.

Yana min ciwo in ga mai koyo ya tattara kuɗi ya sayo sababbin sanduna, yana zaton laifin tsofaffin ne. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Fara da rabin bugu, a hankali, da lamba 8 ko 9, kuma kada ka ƙara ƙarfi sai ranar da ka ga ciyawa na fita a gaban ƙwallo.